Ɗakin yara a Rigasa

Ɗakin yara shi ne ɗakin da ake keɓe wa 'ya'yan gida domin kwana da ajiye tufafi da kayan makaranta, wani lokaci kuma har da karatu da wasa. A unguwar Rigasa da ke birnin Kaduna, kamar sauran manyan unguwannin Hausawa, keɓe wa yara ɗaki na musamman sabon abu ne da ya shigo tare da ginin bulo da tsarin gida irin na fulat. A gidan Bahaushe na gargajiya ba a gina ɗaki da sunan yaro. Makwancinsa yana sauyawa ne gwargwadon shekarunsa da jinsinsa: daga gefen uwa zuwa ɗakin kaka, daga nan kuma zuwa zaure ko shago idan namiji ne. A yau ana samun tsarin biyu a unguwar, kuma a gidajen haya da yawa abin da ake kira ɗakin yara bai wuce wani gefe na ɗakin uwa ko na falo ba, inda ake shimfiɗa da dare a naɗe da safe.

Saboda haka shirya makwancin yara a Rigasa ya fi rataya a kan abubuwa huɗu: yawan fili, shigar iska, kariya daga sauro, da raba makwanci tsakanin maza da mata. Ado irin na fenti da labule da zane yana biyo bayan waɗannan ne.

Unguwar da gidajenta

Rigasa tana yammacin birnin Kaduna, a arewacin kogin Kaduna, a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Igabi mai hedikwata a Turunku. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Igabi tana da mutane sama da 430,000, kuma Rigasa tana cikin yankunan ƙaramar hukumar da suka fi yawan jama'a. Babbar hanyar Nnamdi Azikiwe ta bi ta gabashin unguwar, kuma mahaɗar Bakin Ruwa tana cikin manyan mashigarta. A Rigasa ne tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna take, layin da aka buɗe a watan Yulin 2016.

Unguwar ta bunƙasa sosai bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na 2002, lokacin da mazauna birnin suka riƙa sauya matsuguni, Musulmi suka fi komawa arewacin kogi, Kirista kuma kudancinsa. Yawancin gidajen unguwar masu su ne suka gina su da kaɗan-kaɗan, ɗaki bayan ɗaki, a kan fuloti ko rabin fuloti ko abin da bai kai haka ba. Ana samun manyan nau'o'in gida guda uku:

Gidan gado ko gidan iyali, inda magidanci da matansa da 'ya'yansa, wani lokaci da ƙannensa masu aure, suke zaune a tsakar gida ɗaya.

Gidan haya na gidan yawa, inda kowane iyali yake da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ana tarayya a banɗaki da madafa da rijiya.

Fulat mai ɗaki biyu ko uku, wanda ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi ginawa ko kamawa haya.

A nau'i na ukun ne kawai ake yawan samun ɗaki sukutum da aka bar wa yara. Ɗakin da aka saba ginawa yana da ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, ko 10 da 12. Gado mai ƙafa 6 da 6 yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaki mai 12 da 12, kafin a sa wadrob da madubi da jeren uwar ɗaki. Abin da ya rage shi ne makwancin yara a gidan mai ɗaki ɗaya.

Makwancin yara a gidan gargajiya

Gidan Bahaushe na gargajiya ya kasu daga waje zuwa ciki: zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata da turakar maigida suke. Kowace matar aure tana da ɗakinta, kuma 'ya'yanta ƙanana na ɗakin ne. Shi ya sa ake cewa wane da wane 'yan ɗaki ɗaya ne, ana nufin uwarsu ɗaya. Masana irin su Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen Zariya a littafinsa na 1982, da J. C. Moughtin a littafinsa na 1985 kan ginin Hausawa, sun bayyana wannan tsari da yadda gida yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon aure da haihuwa da mutuwa.

Jariri yana kwana tare da uwarsa tun daga haihuwa. A da, mai jego tana kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, a tsawon kwanakin wankan jego. Da rana kuwa makwancin jariri shi ne bayan uwa ko na yayarsa, a goye da zani da majanyi. Idan lokacin yaye ya yi, wato yana da kimanin shekara biyu, akan kai shi wurin kaka ko wata 'yar uwa ya yi kwanaki, wani ma ya zauna can ke nan. Al'adar riƙo ta sa yara da dama suna tashi a ɗakin gwaggo ko inna ko kishiyar uwa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary F. Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ya ƙunshi bayanai da yawa kan yaye da riƙo a ƙasar Zazzau.

'Ya mace takan ci gaba da kwana a ɗakin uwa ko na kaka har ta yi aure. Ɗa namiji kuwa, bayan kaciya da fara wayo, yana komawa kwana tare da sa'o'insa a zaure ko shigifa ko wani ɗaki da ke ƙofar gida, wanda ake kira ɗakin samari. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa ƙananan yara ne suke da 'yancin shiga kowane gida da kowane ɗaki, suna kai aike da talla, kuma namiji yana rasa wannan 'yanci yayin da yake girma. Kayan kwanciya a wancan tsari kaɗan ne: tabarmar kaba, buzu, gadon kara, da mayafi ko bargo lokacin hunturu.

Koyarwar addini

Yawancin mazauna Rigasa Musulmi ne, kuma abubuwa biyu daga koyarwar Musulunci suna tasiri kai tsaye kan inda yara suke kwana. Na farko shi ne hadisin da ke cikin Sunan Abu Dawud wanda ya yi umarni da a fara sa yara salla suna da shekara bakwai, kuma a raba musu makwanci idan sun kai shekara goma. Malamai da dama sun yi bayanin cewa abin da ake nema shi ne kowane yaro ya samu shimfiɗarsa da mayafinsa, raba ɗaki tsakanin maza da mata kuwa ya fi kyau idan da hali. Na biyu shi ne aya ta 58 a cikin Suratun Nur, wadda ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin manya: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i.

A gida mai ɗaki ɗaya, cika waɗannan sharuɗɗa yana da wuya. Hanyoyin da aka saba bi sun haɗa da raba ɗaki da labule ko da bayan wadrob, mayar da falo makwancin yara maza da dare, tura 'yan mata ɗakin kaka ko na wata 'yar uwa, da kama wa samari shago a ƙofar gida. Iyakar shekara goma ba a koyarwar Musulunci kaɗai take ba. Dokar gidaje ta Ingila ta 1985 ma tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan dole ta sa namiji da mace da suka kai shekara goma, waɗanda ba ma'aurata ba, kwana a ɗaki ɗaya.

Shigowar ɗakin yara na zamani

A Turai ma ɗakin yara bai daɗe ba. Ya yaɗu ne a gidajen masu hali na Ingila a ƙarni na 19, yayin da talakawan birane suke kwana da 'ya'yansu a ɗaki ɗaya. Tunanin ƙera kujera da tebur da kanta daidai tsayin yaro ya samu karɓuwa ta hanyar Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a watan Janairun 1907.

A Kaduna, gida mai falo da ɗakunan kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya ya fara ne da gidajen Turawan mulkin mallaka, bayan birnin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Daga baya gidajen ma'aikatan gwamnati da na bariki da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi irin na Malali suka yaɗa tsarin. A irin wannan gida ne aka fara jin ana cewa ɗakin maigida, ɗakin uwargida, ɗakin yara. Magina a unguwanni irin Rigasa sun ɗauki tsarin suka gauraya shi da na gargajiya: fulat a ciki, tsakar gida a gabansa, da ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje domin baƙi ko samari. Finafinai da hotunan da ake yaɗawa a Facebook da Instagram da TikTok sun ƙara sa iyaye matasa sha'awar ɗakin yara mai launi da gado na musamman.

Kayan ɗaki

Shimfiɗa ita ce kaya na farko. Katifar soso ta maye gurbin katifar auduga da ta rimi da ake ɗinkawa a da. Ana auna katifa da ƙafa, kuma wadda aka fi saya wa yaro ɗaya ita ce mai ƙafa 6 da 3, ko ƙaramar katifar 'yan makarantar kwana mai ƙafa 6 da 2 da rabi. Gidaje da yawa sun fi son katifa a ƙasa a kan leda ko tabarma, domin yaro ba ya faɗowa, kuma da safe ana jingine ta a bango ko a tura ta ƙarƙashin gadon uwa, fili ya samu. Illarta ita ce danshi: da damina siminti yana tsatsafo da sanyi, katifa ta yi wari da fumfuna. Maganin haka shi ne a ɗora ta a kan katako mai ɗan tudu, a riƙa fitar da ita rana. Ga yaron da yake fitsarin kwance, ana sa wa katifa rigar leda a ƙarƙashin zanin gado.

Gado mai hawa biyu, na ƙarfe ko na katako, yana ba yara biyu makwanci dabam-dabam a filin mutum ɗaya, don haka ya dace da masu son raba makwanci a ƙaramin ɗaki. Likitocin yara ba sa son a kwantar da yaron da bai kai shekara shida ba a hawa na sama, kuma ana buƙatar shinge a kowane gefe. A ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa, hawa na sama ya fi zafi, kuma yana iya kusantar fankar sama.

Wurin ajiya shi ne na biyu. Ana amfani da akwatin ƙarfe, jakar Gana-mas-go, kwandon roba, durowar roba mai hawa-hawa, ko wadrob na katako. Yaro ɗan makaranta a Rigasa yakan mallaki yunifom biyu, na boko da na Islamiyya, da jaka biyu, wani kuma da allo. Jerin ƙusoshi ko maratayi a bango daidai tsayin yaro yana sa ya iya rataye kayansa da kansa. Alƙur'ani da allo ana ɗora su ne a kan kanta ko wani wuri mai tudu, ba a barin su a ƙasa. Durowa da wadrob masu tsayi suna iya rikitowa kan yaro idan ya taka su, saboda haka ana ɗaure su da bango.

Haske da fanka su ne na uku. Saboda yawan ɗaukewar wutar lantarki, fitila mai caji da fanka mai caji da ƙaramin faifan sola sun maye gurbin fitilar ƙwai da aci-bal-bal a gidaje da dama. Teburin karatu bai yaɗu sosai ba. Yara da yawa suna aikin gida da tilawa a zaune a kan tabarma ko darduma, kuma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wadataccen haske.

Kayan jariri suna da nasu tsari. Akan haɗa su kafin haihuwa ko a kawo su cikin kayan barka da na suna: ƙaramar katifa mai gidan sauro, bahon wanka, kwandon tufafi, tawul, da fo idan ya fara zama. A al'ada iyayen amarya ne suke yi mata kayan ɗaki, amma kayan ɗakin yara suna zuwa ne daga baya, yawanci daga aljihun uba, ko daga adashi da sana'ar uwa.

Inda ake samun kaya

Kafintoci da masu walda na cikin unguwa su ne suke ƙera yawancin gadaje da durowoyi, gwargwadon awon ɗaki da kuɗin mai saye. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta shahara da maƙera da masu walda da kafintoci da 'yan katako, kuma can ake samun gadon ƙarfe da akwati da ragar taga. Babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana da masu sayar da katifa, yadin labule, leda, kafet da kayan roba. Kasuwar Barci ta Tudun Wada, wadda aka rushe domin sake gina ta, ta yi suna da teloli da kayan gwanjo, ciki har da barguna da zannuwan gado da kayan sanyin yara. Akwai kuma dillalai mata da suke shiga gida-gida da kayan ɗaki na hannu, wasu kuma suna ba da kaya a biya da kaɗan-kaɗan.

Ado

A ginin ƙasa na gargajiya, adon ɗaki shi ne daɓe mai santsi, shafen farar ƙasa, da jeren ƙore ko kwanoni a bango. Zane mai tudu irin na dagi an fi yin sa a fuskar zaure da ɗakunan manya. A ginin bulo, fenti ne babban ado. Akan shafa fenti mai mai a rabin bango na ƙasa domin yana wankuwa idan yara sun yi rubutu ko sun shafa hannu, a sa fenti mai ruwa a sama. Launi mai haske yana ƙara wa ɗaki mai ƙaramar taga haske. Takardar bango da sitika sun shigo, amma suna ɗagowa a bangon da yake jan danshi, kuma ɗan haya yana buƙatar iznin mai gida kafin ya liƙa su.

Abubuwan da aka fi liƙawa a bango su ne jadawalin haruffan boko da na Larabci, lambobi, jadawalin sau, taswira, da addu'o'in kwanciya da tashi daga barci. Wasu iyaye suna guje wa hotunan mutane da dabbobi saboda hadisan da suka yi magana a kan surar abu mai rai, sai su zaɓi furanni, taurari, motoci ko zanen kusurwoyi. Malamai da yawa sun yi rangwame a kan 'yar tsana ga 'yan mata, bisa hujjar cewa Nana A'isha ta yi wasa da irinta. Ware ruwan hoda ga mata da shuɗi ga maza ba al'adar Hausawa ba ce. A Amurka ma sai wajen tsakiyar ƙarni na 20 ta kafu, kamar yadda Jo Paoletti ta bayyana a littafinta na 2012, kuma ta iso kasuwannin Kaduna ne tare da kayan jarirai na waje.

Kayan wasa a al'ada ba na cikin ɗaki ba ne. Motar kara da ta gwangwani, 'yar tsana da ƙananan tukwane duk a tsakar gida ko ƙofar gida ake wasa da su, shi ya sa kwando ɗaya yakan ishe su ajiya.

Lafiya da kariya

Sauro: Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa Najeriya ce take da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kimanin kashi 31 cikin 100 na masu mutuwa, kuma mafi yawan masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Sauron da ke yaɗa cutar ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, wato lokacin da yaro yake kan shimfiɗa. Wannan ya sa gidan sauro mai magani ya zama mafi muhimmancin kaya a makwancin yaro. Ana shanya sabo a inuwa na kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi, a rataye shi ta kusurwa huɗu, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Maganinsa yana kai kimanin shekara uku ko wanki ashirin, idan ana wanke shi da sabulu marar ƙarfi ana shanyawa a inuwa. A rabon da gwamnati take yi, ana lissafa gidan sauro ɗaya ga mutum biyu. Ragar taga tana ƙara kariya, muddin ba ta yage ba.

Iska: Arewacin Najeriya yana cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya taso daga Senegal zuwa Habasha. Cutar ta fi tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, kuma kwanan mutane da yawa a rufaffen ɗaki yana taimaka mata wajen yaɗuwa. A annobar 1996, sama da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ɗaki mai taga biyu a bango dabam-dabam ya fi samun iska, amma a gidajen da aka gina manne da juna sau da yawa taga ɗaya ce, wani lokaci kuma an toshe ta da wadrob ko labule mai kauri. Rufin kwano marar silin yana ƙara zafi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da iyalai da yawa suke fitowa kwana tsakar gida. A nan ma ana buƙatar ɗaura gidan sauro.

Makwancin jariri: Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, tun daga shekarun 1990, tana ba da shawarar a riƙa kwantar da jariri rigingine. Shawararta ta yanzu ita ce ya kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, amma a kan shimfiɗarsa ta kansa mai ƙarfi, ba filo, ba bargo mai nauyi, ba kayan wasa masu laushi. Kwana a ɗakin uwa ya yi daidai da al'adar Hausawa. Inda aka bambanta shi ne kwana a gado ɗaya da kuma lulluɓe jariri da kaya masu yawa. Idan za a ƙera gadon jariri, tazarar da ke tsakanin sandunansa kada ta wuce santimita 6, don kada kansa ya maƙale.

Wuta da hayaƙi: Da hunturu wasu suna shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi da janareta suna fitar da iskar guba marar wari da launi, wadda take kashe mutum yana barci. Kyandir da maganin sauro na kunnawa suna haddasa gobara idan suna kusa da katifar soso ko labule ko gidan sauro. Maganin ƙwari na ruwa da ake kira fiya-fiya guba ne, ba a ajiye shi ko kananzir a robar lemo inda hannun yaro zai kai. Soket da ke ƙasa-ƙasa da wayar da ta sale suna buƙatar rufewa.

Fenti: Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yaro idan ya ci ɓawon bango ko ya shaƙi ƙurarsa. Amurka ta hana fentin gida mai dalma a 1978, kuma ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke ba da shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. An ga haɗarin wannan guba a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Fenti mai ruwa ya fi aminci a ɗakin yara, kuma ana barin ɗaki ya sha iska kafin a koma kwana a ciki.

Kalmomi

Sunayen kayan ɗaki suna nuna tarihin shigowarsu. Tabarma, buzu da matashin kai tsofaffin kalmomi ne a harshen. Kalmar gado ta makwanci ta bambanta da gado na dukiyar mamaci wajen furuci: wasalin farko gajere ne a ta makwanci, dogo ne a ta dukiya, ko da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin. Katifa, fitila da allo daga Larabci aka aro su. Filo, tebur, benci, kafet, wadrob, durowa, fenti, silin da falo daga Ingilishi suke. Fanka asalinta daga harshen Hindi ne, ta shigo ta bakin Turawan mulkin mallaka da suka zauna a Indiya. Gidan sauro kuwa ƙirƙira ce ta cikin gida, daga kalmomi biyu na Hausa. Ita kanta jimlar ɗakin yara tana zuwa ne da jam'i. Ba kasafai ake jin ɗakin yaro ba, domin ɗakin na tarayya ne tsakanin 'yan uwa, kuma yakan karɓi 'ya'yan dangi da suka zo hutu ko riƙo.

Cunkoso

Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku suna tarayya a ɗaki ɗaya. Da wannan ma'auni, miji da mata da 'ya'ya biyu a ɗakin haya ɗaya sun riga sun wuce iyaka. Ƙa'idojin gidaje da lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun danganta cunkoso da yaɗuwar tarin fuka da gudawa da cututtukan numfashi. Tsadar haya da ta siminti suna sa iyali su daɗe a ɗakin da suka kama tun suna amarya da ango, yara suna ƙaruwa fili bai ƙaru ba.

Akwai kuma yaran da ba su da makwanci a cikin gida ko kaɗan. Almajiran makarantun allo suna kwana a zauren malam ko shago ko barandar masallaci, yawanci a kan tabarma ko buhu, ba gidan sauro, ba bargo. Samarin da aka tura shagon ƙofar gida kuwa suna fita daga idon iyaye da dare, abin da yake sa wasu magidanta su gwammace su yanka falo biyu da katako su bar su a cikin gida. A wasu gidajen, idan aka samu halin ƙara ɗaki ɗaya, 'yan mata ake fara ba wa, maza su ci gaba da kwana a falo har a gina na ƙofar gida.